Yaro mai cire ƙaya: mutum-mutumin da na saya wa ajin zane

Zane nake koyarwa a Bauchi, kuma na daɗe ina neman abin da ɗalibai za su kalla su koyi haske da inuwa. A wani shagon kayan adon gida can wajen Wunti na sami ƙaramin kwafin Spinario, yaron nan da ke zaune ya ɗora ƙafa kan gwiwa yana cire ƙaya. Na asalin na tagulla ne, yana gidan tarihin Capitoline a Roma, cikin kayan da Fafaroma Sixtus na IV ya ba birnin a 1471. A ƙarni na 18 attajiran Ingila kan sayo kwafin irin waɗannan daga Italiya su ƙawata manyan gidajensu.

Aikin ya yi kyau ƙwarai. Yadda bayansa ya lanƙwasa, da yatsun da suka riƙe tafin ƙafar, duk sun fito. Ɗalibai na ganinsa suka gane, don babu wanda ƙaya ba ta taɓa soka ba.

Abin da ya sosa min rai shi ne mai shagon ya ce min: "Malam, mabul ɗin Carrara ne." Wato farin dutsen sassaƙa da ake haƙowa a Carrara ta Italiya. Ba shi ba ne. Garin dutse ne aka kwaɓa da roba aka zuba a mazubi. Ga layin haɗi nan a gefen cinya, kuma ba shi da sanyin dutse a hannu. Don koyarwa ya wadatar, amma a taya shi da kuɗin kwaɓi. Ƙurar hunturu tana maƙalewa a gashinsa, sai da burushi mai laushi.