Ƙungiyoyin unguwa masu kula da tsofaffi a Kano: abin da suka iya da inda aikin ke lalacewa

Da wuya ka shiga unguwa a birnin Kano ka rasa ƙungiyar matasa ko kwamitin masallaci da ke tara kuɗi don gajiyayyu. Wasu na da ofis da rajista, wasu kuwa littafi ɗaya ne da zauren WhatsApp. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 masu ƙwanƙwasa musu ƙofa suka ƙaru, kuma zuwa Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Wannan bita ce ta hidimar da suke yi, domin mai son ba da kuɗinsa ko ƙafarsa. Hukuncinmu tun daga farko: ƙungiyar da ke bin tsofaffi har ɗaki a kai a kai ta cancanci duka biyun. Wadda ba a jin ɗuriyarta sai azumi ya kama, ta tara mutane a fili ta raba leda, a yi mata tambayoyi kafin a miƙa mata ko sisi.

Komai yana tashi ne daga jerin sunaye, kuma a nan ƙungiyoyin unguwa suka fi manyan hukumomi nesa ba kusa ba. Sun san gidan da aka kwana biyu ba a ga hayaƙi ba. Amma jerin da mutum ɗaya ya rubuta, ko mai unguwa ne ko liman, yakan cika da waɗanda suka iya zuwa su yi bayani, su kuwa ba su ne suka fi jigata ba. Tsohuwar da ƙafa ta hana fita, da dattijon da ya yi sana'a shekara arba'in yake jin nauyin buɗe baki, irin waɗanda aya ta 273 ta Suratul Baƙara ta siffanta da kamun kai, ba za su taɓa kawo kansu ba. Ƙungiyoyin da suka iya aiki suna haɗa jerin daga baki uku: mai unguwa, liman, da mata, musamman ungozoma da malamar Islamiyya ta matan aure. Duk sunan da ya fito, sai mutum biyu sun je sun gani da ido. Abin da ake rubutawa kaɗan ne: shekaru, wa ke dafa masa, mutum nawa ke cin tukunyar, wace cuta ke damunsa, wane magani yake sha, lambar maƙwabcin da za a kira. Ƙungiyar da ba ta da mata a cikin masu ziyara ta rasa rabin aikin, don gidan da aka rubuta "ba a shiga" a zaurensa namiji iyakarsa soro, kuma daga soro ba a ganin ko tsohuwa tana kwance cikin fitsari.

Sai ledar abincin kanta, inda ake yawan asarar kuɗi da kyakkyawar niyya. Ma'aunin da hukumomin agaji na duniya ke bi shi ne kalori 2,100 ga mutum ɗaya a rana. Idan aka juya shi zuwa abin da ke kasuwa, hatsi giram 400 ne a rana, wake kamar giram 60, mai giram 25 zuwa 30, gishiri giram 5. A wata ke nan hatsi kilo 12, wato kusan kwano biyar, wake ƙasa da kwano ɗaya, mai kusan lita ɗaya. Buhun gero mai kilo 100 yakan ci kwano 40, don haka buhu ɗaya na mutum takwas ne a wata. Ƙungiyar da ta ɗauki tsofaffi 40 tana buƙatar buhu biyar duk wata, buhu 60 a shekara, ban da wake da mai. Duk wadda ta ce maka tana ciyar da ɗaruruwa, ka tambaye ta buhu nawa ta saya bara, lissafin zai faɗa maka gaskiya. Kuma wannan lissafin na mai ci shi kaɗai ne. Tsohuwa a Kano da wuya ta ci ita kaɗai. Akwai jikoki biyu ko uku da aka bar mata, wani lokaci marayu, kuma su za ta fara zuba wa. Abincin wata sai ya ƙare a kwana goma, masu rabo kuma su ce ta sayar.

Ba a nan kaɗai ba. Tsabar gero ba abinci ba ce ga wadda ba ta iya ɗaga taɓarya. Sai an surfa, an sheƙe, an wanke, an kai inji, an biya kuɗin niƙa, an sayi gawayi ko itace, an sayi ruwa wajen 'yan garuwa. Idan ba ta da ko ɗaya daga ciki, za ta sayar da kwano biyu don ta iya cin uku, kuma ba ta yi laifi ba. Mafi kyau a kai gari niƙaƙƙe da busasshen kamu na koko, a haɗa da garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da ƙullin gawayi. Matsalar ita ce garin gero ba ya jure ajiya. Maiƙon da ke cikinsa yana sa shi ɗaci cikin 'yan makonni, a lokacin zafi ma da wuri. Shi ya sa rabo sau biyu a wata ya fi sau ɗaya, ko da yawan abin bai canza ba. Shinkafa da garin masara sun fi daɗewa, sai a haɗa.

Ledar azumi da aka saba gani, ta sukari da taliya da ɗunkulen magi, ga yawancin tsofaffi rabinta cuta ce. Mai ciwon suga ba ya buƙatar kwanon sukari, mai hawan jini ba ya buƙatar ƙarin gishiri, marar haƙori ba ya iya komai da busasshen dabino sai an jiƙa masa. Leda iri ɗaya ga kowa ta fi sauƙin ɗauri, shi ya sa ake yin ta. Ƙungiya mai lura takan yi iri biyu ko uku, ta ƙara wake da alkama ga masu suga, ta sa alama a bakin ledar.

Lokacin sayen hatsi ma abin dubawa ne. Gudummawa tana kwarara da azumi, a 'yan shekarun nan kuwa azumi yana faɗowa ne tsakanin Fabrairu da Afrilu. Yunwa ta gaske tana zuwa a Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, sabo bai nuna ba, farashi yakan kai ƙololuwa. Ƙungiyar da ta ƙarar da komai kafin Sallah za ta zo damina hannu rabbana. Masu tsari suna sayen hatsi da kaka, daga Nuwamba zuwa Disamba, a Dawanau ko kasuwannin ƙauye, su ajiye. Ajiyar ce ke kayar da wasu. Wake da masara ƙwari na cinye su cikin 'yan watanni, sai wani ya ba da shawarar a zuba Sniper ko a jefa ƙwayar feshi a buhu a ɗakin da ake kwana. Kada a yarda. Guba ce, kuma jikin tsoho ba ya ɗaukar abin da na saurayi zai ɗauka. Buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, ya wadatar ba tare da magani ba: leda biyu ne a ciki da buhun saƙa a waje, a matse iska, a ɗaure kowanne daban, ƙwarin su mutu don rashin iska. Sharaɗinsa hatsin ya bushe sarai. A zuba ɗan hatsin da busasshen gishiri a kwalba a girgiza, idan gishirin ya manne a jikin kwalbar da sauran danshi, a mayar rana. A ɗora buhunan a kan katako, nesa da bango, a riƙa dubawa, domin huda ɗaya ta ɓera ta gama da buhun.

Game da rabo a fili ba mu da sassauci. A Disambar 2024, cikin mako guda, turmutsutsu a wuraren rabon abinci da kyaututtuka ya kashe yara 35 a Ibadan, mutum 22 a Okija ta jihar Anambra, da mutum 10 a Maitama ta Abuja. Ko ba a kai ga haka ba, layi na mai ƙarfi ne. Tsohon da aka yi taron dominsa yana gefe riƙe da sanda, wani ƙato ya karɓi leda uku. Kai wa gida da sassafe ko bayan magariba, a Keke Napep ɗaya, ya fi arha kuma ya fi sutura. Hoton ma haka. Masu ba da kuɗi na da haƙƙin ganin shaida, amma shaidar ita ce rasit da hoton buhuna a sito. Dattijuwar da aka ce ta ɗaga leda ta kalli waya, gobe jikanta ya gan ta a Facebook, an karɓi wani abu a wurinta da ya fi ledar tsada.

Ɓangaren lafiya shi ne inda ɗan sa-kai ke da amfani mafi girma, kuma inda zai iya yin ɓarna mafi girma. Na'urar awon jini ta batir ba ta da wuyar koyo: a bar mutum ya zauna minti biyar, hannunsa a daidai ƙirji, a auna sau biyu, a rubuta. Idan awon yana kai 140/90 ko fiye a ziyara biyu, a kai shi asibiti. Idan ya kai 180/120, musamman da ciwon kai, jiri ko nauyin harshe, ranar za a tafi. Aikin ɗan sa-kai ya tsaya a nan. Ba nasa ba ne ya shiga kemis ya zaɓo magani. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sayi maganin hawan jini na wata ɗaya, a yi ta murna, wata ya ƙare ba a sake waiwaya ba. Maganin nan ba a yanke shi, don haka ƙungiyar da ta ɗauki mutum 10 ta riƙe su shekara ta fi wadda ta ɗauki 100 na wata guda. Yanar ido kuwa, wadda ke zaunar da tsofaffi da yawa a ɗaki, tiyatar cire ta ba ta ɗaukar lokaci, kuma Kano na da asibitin ido na ECWA da na Makka. Sau da yawa abin da ya hana ba ya wuce kuɗin mota da wanda zai raka.

Akwai ƙananan abubuwa da ba sa shiga rahoto amma su ne ke bambanta masu zuwa da masu leƙawa. Wanda ya kwanta ba ya tashi sai an riƙa juya shi duk awa biyu, in ba haka ba gyambo ya buɗe a ƙugu da diddige, don haka a koya wa na gidan, a duba wuraren a kowace ziyara. Tsugunno a masai yana gagarar mai ciwon gwiwa har ya rage cin abinci da shan ruwa don gudun zagayawa. Kafinta zai huda kujerar katako a sa bokiti a ƙasa, magana ta ƙare. Da hunturu bargo, da gargaɗin kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, don hayaƙinsa marar wari yana kisa cikin barci. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, a duba randa. Kafin ruwan farko a duba rufi da indararo da gindin katangar ƙasa. Idan kuma tsohuwa ta fara gigin tsufa, tana fita da dare tana sambatu, gara ƙungiya ta riga 'yan unguwa magana, ta sa liman ya yi bayani, kafin wani ya ambaci maita.

Kuɗi. A nan ne ƙungiyoyi masu kyau suke watsewa, galibi ba don sata ba, don rashin rubutu. Gudummawar da ke shiga asusun shugaba na kansa fitina ce ko da shi waliyyi ne. Ƙungiyar da ta yi nisa ta yi rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ta karɓi takardar SCUML, sashen gwamnati mai yaƙi da halasta kuɗin haram, wadda bankuna ke nema, ta buɗe asusu da sunanta, mutum uku masu sa hannu, biyu su isa cire kuɗi. Wadda ba ta kai nan ba, aƙalla mai karɓa daban, mai ajiya daban, mai rubutu daban, a liƙa lissafin wata a allon masallaci. Kuma a raba zakka da sadaka. Zakka na da mutanenta takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, ba a sayen kujerun ofis da ita. Idan kuɗi za a ba tsoho, a ba shi a hannu gaban shaida. Tura wa asusu yana nufin tura wa duk jikan da ke riƙe da katin, ga kuma ladan mai POS.

Mai son shiga aikin ya san abin da zai ɗauka. Mutum biyu, gida biyar, kamar minti 20 zuwa 30 a kowane gida, sau biyu a wata, safiyar Asabar biyu ke nan. Ya fi kyau mutanen nan biyu su riƙe gidajensu ba a canza su, domin sai a zuwa na uku ko na huɗu Baba zai daina cewa "lafiya lau, alhamdu lillahi" ya faɗi cewa maganinsa ya ƙare tun makon jiya. Raunin da ke nan shi ne yawancin 'yan sa-kai ɗalibai ne da masu jiran aiki. Makaranta ta koma ko aiki ya samu, gida biyar su faɗi ba wanda ya lura. Ka tambayi ƙungiyar ko kowane rukuni na da mataimaki, kuma wa ke duba littafin ziyara. Ka tambaye ta abin da take yi idan ɗan siyasa ya kawo buhuna da hotonsa a jiki. Masu hankali sukan karɓa, su juye a nasu buhunan, su ƙi karɓar jerin sunayen da ya haɗo da shi. Ka kuma tambayi abin da ke faruwa idan wanda ke cikin jerin ya rasu. Wasu a ranar suke soke gidan su sa wani, alhali jikokin da ke cin tukunyar suna nan. Tsarin da ya fi shi ne a ci gaba da kai wa har wata uku, a sake zuwa a ga wa ya ɗauki yaran, sannan a yanke ko gidan zai fita daga jerin ko zai koma na marayu.