Na gwada KoboToolbox wajen jin ra'ayin marasa lafiya, ga abinda na gani

Duk wanda ya taɓa raba takardar tambayoyi a asibiti ya san wahalar da nake nufi. Ka buga kwafi ɗari biyu, wasu su dawo a yage, wani ya tsallake tambaya ta 7, wani ya zaɓi amsa biyu inda ake son ɗaya, sannan ka kwana kana shigar dasu kwamfuta ɗaya bayan ɗaya ido na ruwa. Shi yasa da zamu yi bincike kan yadda masu ciwon suga suke ganin kulawar da ake basu nace bari in gwada Kobo, wato KoboToolbox, manhajar tsara tambayoyin bincike da tattara amsoshi ta waya.

Gaskiya ya burge ni. Ka tsara fom ɗinka a kwamfuta, ka sauke manhajarsa ta cike fom, KoboCollect, a wayar Android, ko babu intanet kana cikewa yana ajiyewa sai ka samu sabis ka tura gaba ɗaya. Abinda yafi min daɗi shine tsallake tambaya da kansa, in mutum yace baya allurar insulin to duk tambayoyin allura basa ma fitowa, kuma na hana shi karɓar shekarun da suka wuce 120 saboda yatsa kan zame. Mun saka PHQ-9 a ciki, tambayoyi taran nan na auna damuwa a sati biyun da suka wuce, kowacce maki 0 zuwa 3, jimla 27, shi yake haɗa lissafin nan take. Tambaya ta tara kuwa tunda kan tunanin cutar da kai take, na saita in amsar ta wuce 0 gargaɗi ya fito a kira likita kafin mutum ya tafi.

Inda aka samu matsala laifina ne. Na rubuta "likita ya saurare ki kuma ya miki bayanin magani?" sai wata dattijuwa ta dube ni tace "ɗana, saurare kam ya saurara, bayani ne babu, to wanne zan zaɓa?" Kunya kamar in nutse, a daren na raba tambayar gida biyu. Sannan kwanakin farko nas ce take tambayar, kowa sai yace ya gamsu sosai, wa zai kushe asibiti a gaban mai masa allura? Da muka koma tambaya a waje, wanda ba ma'aikaci ba yana yi, nan fa ƙorafin jiran layi ya ɓarke.

In fom ɗin yayi tsawo sai ka koyi XLSForm, wato tsara shi a Excel, yana ɗan cin lokaci da farko. Jadawalin da yake fitarwa ma na leƙawa ne kawai, nazari na gaske sai ka kwashe bayanan zuwa Excel ko SPSS, manhajar nazarin alƙaluma. Kuma don Allah kar a saka sunan mara lafiya, lamba muka baiwa kowa, takardar amincewa ma daban muka ajiye.

Tauraro 4 cikin 5 na bashi. Zagaye na biyu masu hawan jini zamu tambaya, amma sai na fara gwada fom ɗin akan mutum goma tukuna.