Koyarwa ko sayen awanni? Ni dai ga zaɓina

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ga amsar tambayarka: tsakanin ka tsaya ka zama malamin tuƙin jirgin sama da ka ɗauki kuɗi ka tafi Afirka ta Kudu ko Amurka ka yi hayar jirgi don cika awannin tashi, koyarwa zan ce maka, ba kwana-kwana.

Duba lissafin tukuna. A ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, lasisin tuƙi na kasuwanci, wato CPL, awa 200 ake nema, ko 150 idan makaranta ce mai amincewar hukuma. Babban lasisin da ake zama kyaftin ɗin jirgin fasinja da shi, ATPL, awa 1,500 ne, ciki har da 100 na dare da 75 na tuƙi da na'ura kawai. Wannan tazarar ba aljihun mahaifinka ne zai cike ta ba. Dole a sami wanda zai biya ka kana tashi. Kada kuma ka ruɗe da zancen cewa sai ka kai 1,500 kafin ka zauna kujerar mataimaki. Wannan dokar Amurka ce, tun 2013, bayan hatsarin jirgin Colgan kusa da Buffalo a 2009. A nan Najeriya, kamfani na iya ɗaukar mai CPL ya zaunar da shi a dama, kujerar mataimaki, idan ya gamsu da hannunsa.

Hannun kuwa a koyarwa na same shi. Kana kujerar dama a ƙaramin jirgin koyo Cessna 172, ɗalibi na riƙe da sitiyari, iska na bugowa ta gefe, kana ganin ya ɗaga hancin jirgi tun titin sauka bai matso ba. Tafin hannunka na kusa da sitiyarin amma ba ka taɓa ba, kana auna daƙiƙar da za ka karɓa da wadda za ka bar shi ya gyara da kansa. Wallahi babu littafin da ke koyar da wannan awon. Akwai wani yaro da na koyar, shiru-shiru, saukarsa kullum da tsalle, har ya fara zancen komawa gida. Muka yi ta zagaye da sassafe kafin iska ta tashi. Ranar da na sauka na bar shi ya tashi shi kaɗai, ina tsaye gefen titi da rediyo a hannu, ya ajiye tayoyin nan lumui. Abokansa suka sheƙa masa ruwa kamar yadda aka saba, ni kuwa sai hamdala nake. Duk awannin koyarwar nan a sunan shugaban jirgi suke shiga littafinka na awannin tashi, kuma su kamfanoni ke fara dubawa.

Albashin ba yawa, gaskiya, kuma idan hazon hunturu ya rufe Zariya ko Ilori, inda makarantun tuƙi suke, za ka yi kwanaki ba ka tashi ba. Ka san da wannan.

Sayen awanni kuwa, na yi kaɗan. Yawo ne daga wannan fili zuwa wancan a ranar da sama ta yi garau. Littafi ya cika, hannu yana nan inda yake. Amfaninsa ɗaya, cike giɓi, kamar awannin dare ko na jirgi mai inji biyu irin Diamond DA42.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi dillalai. Akwai masu cewa ka biya kuɗin horon Boeing 737 tare da wasu awannin tashi da fasinja a jirgin kamfani, aiki na jiranka. Ka ce su nuna maka takardar ɗaukar aiki daga kamfanin kansa, kuma kada ka zuba kuɗi a asusun mutum. Mafi muni su ne masu cewa za su ƙara maka awanni a littafi. Kowane tashi yana da lambar jirgi da kwanan wata, ana iya bin sawu, kuma ranar da aka gano, lasisin ne zai tafi.

Kuɗin da ka tara, ka sa shi a kwas ɗin malanta. Kafin ka biya, ka je makarantar da ƙafarka, ka ƙirga jiragen da ke tashi ba waɗanda ke kwance a rumfa ba, ka tambayi NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ko makarantar tana da izini, sannan ka ja wani ƙaramin malami gefe ka tambaye shi awa nawa yake samu a wata.