Garejin da ya gano ciwon motata ba a sauke kan inji ba

Jama'a akwai wani gareji ta bayan Ƙofar Ruwa, wallahi mai shi ya isa a yaba masa. Sati biyu Corolla ta tana zafi, kuma abin haushi in ina gudu a titin Zariya lafiya lau, amma da na faɗa goslo ɗin Kantin Kwari sai allura ta kama hawa tana neman ja. Bakaniken farko ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone sai an sauke kan inji, na biyu ya ce a cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka dairek wai ai na ƙasar sanyi ne.

Shi kuwa mai garejin nan tambaya ya fara yi: "Alhaji, a tsaye take zafi ko a guje?" Sannan ya zaro sandar awon baƙin mai ya nuna min, ya ce da gasket ne da wataƙila ka ga man ya koma kamar shayi da madara, ko farin hayaƙi a salansa, ko ruwan lagireto na ta kumfa, kuma ba ko ɗaya. Ya tada motar muka tsaya muna kallo, allura ta wuce rabi amma fanka ko motsi. Fiyus lafiya, ashe rile mai kunna fanka ne ya mutu, ɗan abu kamar kwalin ashana! Wai a guje iska ce ke sanyaya lagireto shi ya sa ban gani ba sai a tsaye.

Tamostat kuwa ya ce kar in bari a taɓa, inji wajen digiri 90 yake so, in an cire mota shan mai za ta ƙara. Ya yi min faɗa sosai kan ruwan rijiya da nake ɗurawa, tsatsa yake kawowa, sai kulant, ruwan sanyaya inji na musamman. Da na kai hannu zan buɗe murfin lagireto da zafinsa tsawa ya daka min, yaronsa ya nuna min tabon ƙuna a hannu, ban sake ba.

Inda suka gaza, ba wajen zama sai wani benci a rana, na yi awa uku kafin layi ya zo kaina, kuma yaran sun bar min baƙin mai a sitiyari. Kuɗin aiki dai bai tsawwala ba, rilen ma ni ya tura na sayo da kaina a cikin kasuwa. In za ku je ku yi sammako, bayan azahar ba a samun sa.