Ta rauta ko kai-tsaye: wace hanya ta fi dacewa da firintar gida?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi firinta mai Wi-Fi, a gidan akwai laftof ɗaya da wayoyi uku, kuma da ka shiga saitinta ka tarar da hanyoyi biyu: ko ka haɗa ta da rautar gida, ko ka kunna Wi-Fi Direct. Kana tambayar wacce za ka bi. Na gwada duka biyun. In dai kana da rautar da ke wuni ta kwana a kunne, ta rauta za ka bi. Amma bari in jera maka su gefe da gefe, don akwai inda ɗayar ta yi mata zarra.

Bambancinsu duk a ɗan tsakiya yake. Ta hanyar rauta, firinta tana shiga netwok kamar yadda wayarka take shiga: ta ba da kalmar sirri, rauta ta yanka mata adireshin IP, wato lambar da ake gane ta da ita a netwok, shi ke nan ta zama 'yar gida, duk na'urar da ke kan wannan Wi-Fi ɗin tana ganinta. A Wi-Fi Direct, wanda ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fito da shi a 2010, babu ɗan tsakiya. Firintar ce da kanta take zama 'yar ƙaramar rauta, ta fitar da sunanta, wanda yawanci da kalmar DIRECT yake farawa, sai ka haɗa wayarka da ita baki da baki.

A ranar farko, Direct ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ka kunna, ka ga sunan a wayarka, ka sa kalmar sirri, takarda ta fito. Ta rauta kuwa sai ka zauna kana latsa haruffan kalmar sirri ɗaya bayan ɗaya a ɗan allon firintar da bai fi akwatin ashana ba, ko ka sauke manhajar kamfanin ta yi maka jagora.

Daga rana ta biyu ne labari yake sauyawa. A ce an turo maka takarda ta imel kana son bugawa. Da rauta, buɗewa kawai za ka yi ka danna. iPhone tana da AirPrint tun 2010, Android kuma tana da nata tsarin bugawa a ciki, ga Mopria da kamfanonin Canon da HP da Samsung da Xerox suka kafa a 2013 don firintoci da wayoyi su riƙa jin yaren juna. Da Direct kuwa, a na'urori da yawa, musamman iPhone, sai ka bar Wi-Fi ɗin gida ka koma na firinta, wanda babu intanet a cikinsa. Wato ka fara sauke takardar, ka sauya netwok, ka buga, ka tuna ka dawo. In ka manta, sai ka yi ta mamakin abin da ya hana laftof buɗe shafi. Sau ɗaya ba komai. Mutum huɗu a gida, kullum, abin yana gundura. Sannan nisan Direct iyakar ƙarfin firintar ne, kuma na'urori kaɗan take ɗauka a lokaci guda, alhali ta rauta duk inda Wi-Fi ɗin gida ya kai, nan firintarka ta kai.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Hanyar rauta tana da ramuka, kuma yawancin masu cewa firinta ta ƙi haɗuwa a ɗayansu suka faɗa.

Na farko shi ne zango. Yawancin rautocin yanzu suna watsawa a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz, amma firintocin gida da yawa 2.4 kaɗai suke ji. In wayarka tana kan 5, ko rauta ta haɗe zangon biyu ƙarƙashin suna ɗaya, manhajar saiti takan yi ta juyi ta kasa gamawa. Maganinsa ka shiga saitin rauta ka raba sunayen, ka ɗora firinta a kan 2.4. Kada wannan ya dame ka: 2.4 ya fi ratsa bango, kuma takarda ba bidiyo ba ce da za ta buƙaci gudu. Bayan an gama, waya a kan 5 tana iya bugawa lafiya lau, tunda rautar ɗaya ce. Abin da ba zai yiwu ba shi ne firinta a babban netwok, waya kuma a netwok ɗin baƙi. Shi an yi shi ne musamman don ya hana na'urori ganin juna.

Rami na biyu shi ya fi cin rai, domin sai bayan makonni yake bayyana. Adireshin da rauta take bai wa firinta aro ne, ba kyauta ba. Ni tawa ta yi wata guda tana aiki a 192.168.1.7, aka kashe rauta aka kunna, sai ta tashi a 192.168.1.12. Kwamfuta na can tana ta aika takardu tsohon gida, tana cewa firinta ba ta kan layi, ita kuma ga ta a gabana fitilarta shuɗiya tana ci, ta yi kunnen uwar shegu. Na cire direba, wato manhajar da kwamfuta take sarrafa firinta da ita, na mayar har sau biyu kafin in gane. Don haka ranar da ka haɗa ta, shiga saitin rauta wajen DHCP, sashen da ke raba adireshi, ka keɓe mata adireshi guda na dindindin. Aikin minti biyar ne. Direct ba ta da wannan ciwon kai, gaskiya, kuma wannan na cikin abubuwan da nake yaba mata.

Za ka ga maɓallin WPS a bayan rauta. Ka danna shi, ka danna na firinta kafin minti biyu su cika, su haɗu ba tare da ka rubuta komai ba. Na maɓallin ba laifi. Ɗaya salon WPS ɗin, wanda ake shigar da lambar PIN, shi ne abin gudu: a Disambar 2011 wani mai binciken tsaro, Stefan Viehböck, ya nuna cewa lambar mai alƙaluma takwas rabi-rabi ake tantance ta, har gwaji 11,000 kacal ya isa a gano ta. In ka gama haɗawa, kashe WPS ɗin gaba ɗaya. In kuma rautarka tana kan WPA3 zalla, wato sabon tsarin tsaron Wi-Fi da ya gaji WPA2, WPS ba zai yi aiki ba, tsofaffin firintoci ma ba za su iya shiga ba sai ka mayar da ita gaurayen WPA2 da WPA3.

Ta fannin tsaro Direct ma tana da nata sakacin. Wasu firintocin suna fitowa daga kamfani da kalmar sirri irin 12345678, kuma sunansu yana bayyana a wayar duk wanda ke kusa. In za ka bar ta a kunne, sauya kalmar.

To yaushe Direct ta fi? In babu rauta a gidan. Ko in intanet ɗinku daga hotsfot ɗin waya yake fitowa, domin da mai wayar ya fita, netwok ya bi shi, firinta ta zama marainiya. Ko baƙo ya zo yana son buga shafi biyu, ba ka son ba shi kalmar sirrin gidanka. Firintoci da yawa suna yarda a kunna hanyoyin biyu tare, don haka kana iya zama a kan rauta, ka ajiye Direct don irin wannan rana.

In ka haɗa ta ƙi, kafin ka taɓa komai sa firintar ta buga maka shafin bayanin netwok daga saitinta, ka duba layin IP. In ya fara da 192.168, ta shiga, matsalar tana wajen kwamfuta ko waya. In ya fara da 169.254, rauta ba ta ba ta adireshi ba, ita ce ta laƙaba wa kanta, sai ka koma kan kalmar sirri da zango.