Sam Burgess: ragbin mutum 13 ko na mutum 15?

Dan wasan gaba a ragbi irin Sam Burgess na Ingila yana da hanya biyu, kuma duka ya bi su.

A ragbin mutum 13, kungiya na da damar a kayar da mai rike da kwallo sau shida kafin ta mika wa abokan hamayya. Aikin dan gaba a bayyane yake: ya rungumi kwallo, ya afka cikin katti, ya tashi, ya sake. Nan Burgess ya fi karfi. Daga kungiyar Bradford ta Ingila ya koma kungiyar South Sydney a Ostareliya a 2010. A wasan karshe na gasar Ostareliya a 2014, tun karon farko kashin kumatunsa ya karye, fuska ta kumbura, ido ya kusa rufewa, amma bai fita ba. Suka doke Canterbury da 30 da 6, kofinsu na farko cikin shekara 43, aka ba shi kyautar gwarzon wasan.

Ragbin mutum 15 kuwa wata duniya ce. Bayan an kayar da kai ake kokawar kwace kwallo a kasa, dokoki birjik, sai wanda ya taso a ciki. Bayan kofin 2014 ya koma wannan wasan, kungiyar Bath ta Ingila ta gwada shi a gaba, tawagar kasar Ingila ta sa shi a tsakiya cikin 'yan baya a gasar duniya ta 2015, aka cire su tun a rukuni a gida. A ganina an yi masa gaggawa, shekara guda ba ta isa ba.

Kafin 2015 ta kare ya koma South Sydney, har ciwon kafada ya sa ya ajiye wasa a 2019.