Gora ko dargaza: wace ta fi yin baka?

Wani ɗan'uwa a nan Sakkwato ya tambaya: yana son sassaƙa baka irin na maharba, ya ga gora a kasuwa, wasu kuma sun ce masa ya nemi dargaza, wace zai ɗauka? Malam, in bakan da zai daɗe a hannunka kake so, dargaza. In hannu kake koyo, fara da gora.

Kowane baka fuska biyu gare shi. Bayansa, wato gefen da ke kallon abin harbi, miƙewa yake in an ja tsirkiya, cikinsa kuma matsewa yake. Duk iccen da aka yanke wa jijiyar baya, a nan zai karye.

Ƙarfin gora a fatarta yake. Saboda haka fatar ce za ta zama baya, ba a kankare ta, ba a kuma sassaƙe gaɓoɓinta don su yi sumul. Nemi wadda ta shekara 3 zuwa sama, mai kaurin jiki da ƙaramin rami, wadda ta yi rawaya. Tana zuwa a miƙe, tana bushewa cikin wata 2 zuwa 3, ba ta da nauyi. Aibinta biyu ne: in ta daɗe a ɗaure sai ta riƙe lanƙwasa, harbinta ya yi sanyi, kuma ƙwaro na sonta. In ka ga ƴan ramuka da gari-gari a jikinta, bar musu kayansu. Ta kasuwa galibi daga kudu da mu ake kawo ta don rumfa da tsani, ba wanda ya zaɓe ta don baka, sai ka tona tari kafin ka sami ɗaya.

Dargaza tana lanƙwasa ta koma yadda take, shi ya sa ta fi. Wahalarta samun miƙaƙƙiya, domin awaki da masu sara ba su barin ta ta yi tsawo. Duba tsakiyar kututturen da ya tofo da yawa, nan tsirin ke miƙewa yana neman rana. Tsawo mita 1.5 zuwa 1.7, kauri santimita 3 zuwa 4, babu ƙulli a tsakiyar hannuwan baka biyu, wato sashen sama da na ƙasan wurin riƙo. Kalli ɓawon: in ya murɗe, iccen ciki ma ya murɗe. Ɗunɗu na iya maye gurbinta, sai dai ya fi tauri da nauyi. Iccen turare kuwa tsagewa yake wajen bushewa, kada ka ɓata lokacinka. Kafin sara a gandun daji a nemi izinin malamin daji, kuma da halin rashin tsaro da dazuka irin Gundumi ke ciki, ya fi a saya hannun mutanen ƙauye.

Inda aka fi asara shi ne busarwa, kuma dargaza ta fi gora shan wuya a nan. Ana sara bayan damina, sai iska ta hunturu ta zuƙe ruwan bakin sandar tun cikinta na ɗanye, ta tsage. Da ka sare, toshe bakin biyu da kakin zuma, ka bar ɓawon, ka kwantar da ita cikin ɗaki a kan wani abu, kada ta taɓa ƙasa saboda gara. Kada ta ga rana, kada ta kusanci rufin kwano, musamman a bazara da zafi ke wuce digiri 40. Ba ta wata 6 zuwa shekara. In kana da sikeli, auna ta duk mako, in nauyin ya tsaya ta bushe.

Ƙaramin karkata ba matsala ba ne ga dukansu: shafa man kaɗe, gasa a kan garwashi ba harshen wuta ba, miƙar da gwiwa, riƙe har ta huce.

Wajen sassaƙa, cikin bakan kawai gizago zai taɓa, ban da bayansa. A rage kaɗan-kaɗan, a gwada da doguwar igiya har hannuwan su lanƙwasa daidai, sannan a ɗaura tsirkiya. Bayan harbi a kwance ta, kuma a riƙa shafa mai a lokacin hunturu, domin iccen da ya bushe ƙayau ba ya gargaɗi kafin ya ɓalle.